Na sayi sabuwar kyamara, sai hotunana suka koma baya

Abban Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina tafe da damuwa, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ni malamin makaranta ne a Kano, hoto sha'awa ce a wurina ba sana'a ba. Shekara shida ina riƙe da Nikon D3200, ta hannu na saya. Al'adata kullum in na idar da sallar asuba na ɗan yi karatu, sai in rataya ta a wuya in taka da ƙafa daga gida zuwa bakin titin da nake shiga adaidaita. Tafiyar minti ashirin da biyar ce. Abin da ya samu a hanya shi nake ɗauka: mai shayi yana hura wuta, masu turin baro, hasken safiya a jikin katangar ƙasa.

Watan jiya na haɗa ɗan abin da na tara na sayi Sony a6400 da ƙaramin gilashinta mai 16-50, na sayar da tsohuwar na cika kuɗin. A takarda ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba. Waccan wuraren kama fokas 11 gare ta, wannan 425. Tana gane idon mutum ta bi shi. Amma yau sati uku ke nan ban ɗauki hoto ɗaya da zuciyata ta kwanta da shi ba. Yatsana yana zuwa inda babu madanni. Shekaranjiya wani dattijo ya fito daga lungu a kan keke, ya ɗauro tulin tabarmi a baya, rana ta faɗo masa a gefen fuska daidai yadda nake so. Kafin in lalubo inda ake canja ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, ya wuce. Da tsohuwar ce ko ido a rufe zan yi. Abin ya tsaya mini a rai har na isa aji.

Shin haka kowa yake fama in ya canja kyamara? Kwana nawa hannu yake ɗauka kafin ya faɗa? Kuma me kuke yi kullum da ya taimake ku?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya alheri, ka yi saye mai kyau. Maganin abin ɗaya ne, ka yawaita dannawa. Yanzu ba zamanin fim ba ne da kowane hoto kuɗi ne. Ni da na koma kyamara marar madubi irin taka sai da na ɗora wa kaina hoto 300 kullum har tsawon wata guda, ko kofin shayi ne a gabana sai na ɗauka. Kyamarar nan taka tana iya ɗaukar hoto 11 a daƙiƙa ɗaya. Da ka sa ta a haka ka danne, da dattijon nan bai kuɓuce maka ba, cikin ashirin dole ka samu ɗaya mai kyau. Katin 32GB yana cin hoton RAW, wato ɗanyen hoto da ba a sarrafa ba, wajen 1,200, to me kake tattali?

Baba Mai Situdiyo:
Ɗana na Zazzau, ban yarda da kai ba, kuma zan faɗi dalili. Malam bai ce ya danna bai samu ba. Cewa ya yi bai kai ga dannawa ba, yana can yana neman madanni. Wanda bai ɗaga kyamara zuwa ido ba, ko hoto ɗari take yi a daƙiƙa babu abin da zai samu.

Ni da Pentax K1000 na koyi aikin nan, a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa. Abu uku ne kawai a jikinta da za ka taɓa: faɗin ƙofar haske, saurin ƙiftawa, da zoben fokas. Fim ɗaya hoto 36. In ya ba ni fim ranar Asabar, ba zan ga abin da na yi ba sai an wanke, wani lokaci bayan kwana uku. Saboda haka kafin in danna sai na tsaya na tambayi kaina daga ina haske yake zuwa, me ke bayan mutumin, ina zan tsaya. Kuma ya sa na riƙa rubuta lambobin kowane hoto a ɗan littafi. In hoto ya fito ya yi duhu, sai mu buɗe littafin mu ga inda na kuskure. Haka ido yake koyo. Wanda ya dawo gida da hoto 300 ba zai zauna ya dubi kowanne ba, gogewa kawai zai yi ta yi, gobe ya sake maimaita kuskuren jiya.

Malam, ga abin da nake so ka gwada. Hanyar nan taka ta safe kada ka canja ta, ita ce makarantarka, domin ka san inda rana take faɗowa a kowane lungu. Ka ƙayyade wa kanka hoto 36, in sun cika ka rufe kyamara. Da dare ka zauna ka dube su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ba a ɗan allon bayan kyamara ba, ka fitar da guda ɗaya tak. Sannan wani abu da yara ba sa yi yanzu: in kana zaune a gida ka ɗauki kyamarar a kashe fitila, ka yi ta juya tayoyinta kana faɗin abin da ka canja kafin ka duba. Minti goma kullum. Direba ba ya kallon giya in zai canja.

Ɗan Zazzau:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji maganarku kuma ban isa in ja da ku a kan hoto ba. Amma ku duba, dalilin da ya sa kuka yi tattali shi ne tsadar fim, ba wai tattalin ne ya koya muku ba. Mu yanzu muna ganin sakamako nan take. In na ɗauka ya yi duhu, a wurin zan gyara in sake, darasin da ku kuke jira kwana uku ni na same shi cikin daƙiƙa biyar. Kuma akwai abin da ba a ɗauka da hoto ɗaya ɗaya. Ku je Hawan Daushe ku ce za ku jira doki ya tsaya muku.

Baba Mai Situdiyo:
Na yi hawan sallah da fim fiye da sau ashirin, ɗana, kuma dawakan ba su tsaya mini ba. Sanin inda za su bi na yi, na saita fokas a wurin tun kafin su iso, na jira. Amma na ba ka gaskiya a abu ɗaya, ganin sakamako nan take ni'ima ce, da mun samu da mun so. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar hawa ba ranar koyon madannai ba ce, a hanyar makaranta ake koyonsu.

Anti Zulai:
Sannunku. Ni bukukuwa nake ɗauka a ƙarshen mako, ɓangaren mata, kuma irin kyamararka ce a hannuna shekara uku ke nan. Malam, ina ganin matsalarka tun daga ISO ɗin nan ta fara. Me ya kai ka canja ISO da hannu a kan titi? Na san wasu suna ganin in ba a M kake ɗauka ba, wato kana saita komai da hannu, kamar ba ka iya ba ne. Wannan magana ta cutar da masu koyo da yawa.

Ka mayar da tayar sama kan A, wato kai ka zaɓi faɗin ƙofar haske, ita ta zaɓi saurin ƙiftawa. Ka sa ƙofar haske a f/5.6, in gari ya waye sosai ka kai f/8. ISO ka bar wa kyamara ta zaɓa da kanta tsakanin 100 da 3200, kuma akwai wurin da za ka gaya mata kada saurin ƙiftawa ya yi ƙasa da 1/250 na daƙiƙa, don mai keke da mai tafiya kada su fito da dishi-dishi. Shi ke nan, abu ɗaya ya rage a hannunka, ƙara haske ko rage shi, sai ka ɗora wannan a kan tayar baya inda babban yatsanka yake zaune. Gilashin nan kuma duk lokacin da ka kunna ka zuƙo shi zuwa lamba 35 ka bar shi nan, kada ka yi ta zuƙowa da mayarwa. A kyamara irin tamu 35 yana ba da kusan abin da 50 yake bayarwa a ta fim irin ta Baba. In kana son kusa ka taka da ƙafarka. Bayan sati biyu za ka ga tun kafin ka ɗaga kyamara ka san abin da zai shiga hoto da abin da ba zai shiga ba.

Dalilin da ya sa na nace a kan tayar ƙarin haske shi ne mutanenmu da kayanmu. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ba fari ba ba baƙi ba. To ga dattijo baƙin mutum cikin farar shadda, ga farar katanga a bayansa. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, rigar ta koma toka-toka, fuskar ta nutse. Sai ka ƙara +0.7 ko +1. Amma ka lura kada ka wuce gona da iri aikin wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat, domin abin da ya ƙone ba ya dawowa ko a RAW. A nan marar madubi ta fi tsohuwarka, tunda abin da kake gani a tagar leƙe shi ne hoton da zai fito. Kana juya taya kana ganin fuskar tana buɗewa. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka so ta.

Abban Walida:
Anti, Allah ya saka da alheri, yanzun nan na zauna na saita kamar yadda kika ce. Gaskiya M nake amfani da shi tun a tsohuwar, na ɗauka dole ne. Baba, na karɓi sharaɗin 36, gobe zan fara in sha Allahu.

Wata tambayar kuma. Na lura a hotunan da sama ta fito akwai ɗigo-ɗigo guda huɗu, kullum a wuri ɗaya. Na goge gilashin gaba da baya ba su tafi ba. Ko an sayar mini da mai matsala ne?

Ɗan Damagaram:
Malam, lafiyar kyamararka ƙalau, ƙura ce ta hau sensa, wato ɗan farantin da yake karɓar hoto a cikin kyamara. Ka taɓa cire gilashin a waje? Mu nan Zinder daga Disamba zuwa Fabrairu wannan shi ne abokin faman mu. A mai madubi irin tsohuwarka, in ka cire gilashi akwai madubi da labule a gaban sensa. A wannan kuwa da ka cire, ga sensa nan a fili tana kallonka, iskar hunturu na kaɗawa.

In kana son tabbatarwa, ka matse ƙofar haske zuwa f/22 ka ɗauki sama ko farar takarda, za su fito ɓaro-ɓaro. A f/5.6 da ƙyar za ka gan su, shi ya sa wasu hotunan suke fita lafiya. Ka nemi ɗan famfon roban nan na hura iska da ake sayarwa a shagunan kayan hoto. Ka kashe kyamara, ka cire gilashi a cikin ɗaki a rufe, ka kifa ta bakinta na kallon ƙasa, ka hura sau biyar ko shida ba tare da bakin famfon ya taɓa komai ba. Don Allah kada ka hura da bakinka, yawu zai bi. Kada ka sa gefen riga ko auduga. In famfo bai fitar ba ka kai wa mai gyara.

Amma kada ƙura ta sa ka ajiye kyamara a gida. Hazon nan da muke kuka da shi ya fi kowane lokaci daɗin haske. Yana tace rana, inuwa ta yi laushi, har ƙarfe tara kana iya ɗaukar fuska ba tare da ido ya zama rami ba. Gidajen ƙasa na unguwar Birni ba sa yin kyau a hoto kamar a watan Janairu. Ni a cikin jakar leda mai zif nake sa tawa, in fito da ita in ɗauka in mayar.

Abban Walida:
Haka ne kuwa, sau biyu na cire shi a harabar makaranta ina gwada gilashin wani abokin aiki. Na gode ɗan'uwa.

Sabon Shiga:
Ni tambaya ce da ni a kan batir, tunda ina shirin sayen irinta. An ce ba ya daɗewa?

Anti Zulai:
Duk marar madubi haka take, domin sensa da allo a kunne suke muddin kyamara na kunne, ba kamar mai madubi ba da kake leƙawa ta gilashi zalla. A ƙiyasin kamfani caji ɗaya yana yin hoto wajen 400. Ga mai hoto 36 a rana wannan ba abin damuwa ba ne. Ni mai biki uku nake ɗauka. Tana kuma yin caji ta wayar USB, ko an ɗauke wuta fawa bank ya isa. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne katin memori. Na taɓa sayen na jabu a wani shago, an rubuta 64GB, ashe cikinsa bai kai haka ba, rabin hotunan kamu suka ƙi buɗewa. Har yau in na tuna fuskar uwar amaryar nan sai jikina ya yi sanyi. Ka sayi kati a wurin da ka amince, ka cika shi da bidiyo a gida ka ga ko komai yana buɗewa kafin ka fita da shi.

Maman Khalil:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen. Tun ɗazu ana maganar dattijo mai keke ya kuɓuce, ba wanda ya tambaya ko shi yana so a ɗauke shi. Ni ba na ɗaukar hoto sosai, ɗana ne ya sa ni a zauren nan, amma an taɓa ɗaukata a kasuwa ban sani ba, sai gani na yi ana yawo da ni a Facebook. Ban yi wani abin kunya ba, cefane nake yi, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Yanzu kuma an ce sababbin nan suna ɗauka shiru ba ƙara. Malam, kai da kake bin hanya ɗaya kullum, mutanen nan sun san abin da kake yi da hotunansu?

Abban Walida:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Mai shayi da masu baro sun san ni shekara da shekaru, har kirana suke in zo in ɗauka. Mata ba na ɗauka sam sai da izini, almajirai ma na daina, domin na ga yadda ake mayar da yaran nan abin nuni. Amma masu wucewa irin dattijon nan, gaskiya ba na tambaya, kuma wasu na sa su a shafina. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin ta wannan fuskar ba.

Ɗan Zazzau:
In sai an tambayi kowa ai hoton titi ya mutu. Da ka ce "zan ɗauke ka" mutum zai gyara hula ya ƙame.

Baba Mai Situdiyo:
Ba dole sai kafin ba, ɗana. Ka ɗauka, sannan ka bi shi ka yi sallama ka nuna masa. In ya ce goge, ka goge a gabansa ba gardama. In ya yi murmushi ka tambaye shi ko ka sa a intanet. Goma za ka tambaya, da wuya biyu su ƙi. Kuma wanda yake bin hanya ɗaya kullum yana da damar da baƙo ba shi da ita: ya wanke hoton ya kai wa mai shi. Ƙaramin kati nawa yake? Amma mai shayin da ka kai wa hotonsa ya manna a jikin teburinsa, daga ranar ya daina ƙamewa in ya gan ka, kuma shi zai riƙa gaya wa mutane ko kai wane ne. Barikin soja, shingen jami'an tsaro da ofishin 'yan sanda kuwa, ko da wasa kada ku ɗaga kyamara a wurin.

Zancen bin abu ɗaya kullum ya tuna mini da J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014. Daga 1968 ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya, ya yi shekaru yana yi har ya tara hoto wajen dubu. Yawanci daga baya yake ɗauka, bango fili, kitson kawai. Kuma da yardar masu kan yake yi, ya tsayar da su ya saita. Wanda bai sani ba zai ce abu ɗaya yake ta maimaitawa. Yau a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya ake rataye su.

Anti Zulai:
Tunda Hajiya ta ambaci ɗauka shiru, Malam ka kashe wannan saitin in kana cikin ɗaki mai fitilun LED. Wutarmu 50Hz ce, wasu fitilun suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma hoton sai ya fito da zane-zane a kwance. In dole ne sai shiru, ka tsaya a 1/50 ko 1/100. Kuma ni a ganina ƙarar nan tana da amfani, mutum ya san an ɗauke shi.

Abban Walida:
Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana ashirin da uku da fara tsarin Baba. Sau biyu na fasa, ranar da Walida ba ta da lafiya da ranar da na makara.

Satin farko 36 ɗin sun yi mini kaɗan, kafin in kai rabin hanya sun ƙare. Yanzu kuma sau da yawa ina isa bakin titi da goma sha biyar ko ashirin. Juya tayoyi a duhu ya yi aiki fiye da yadda na zata, wajen kwana na goma na lura ina ƙara haske ban cire ido daga tagar leƙe ba. Ɗigon nan uku sun fita da famfo, ɗaya ya ƙi, zan kai wa mai gyara in an yi albashi.

Ranar Asabar na karya doka na tafi marinar Ƙofar Mata. A nan na gane maganar Ɗan Zazzau ma tana da wurinta. Wajen masu bugu, inda suke dukan shadda da manyan mabugai, hoto ɗaya ɗaya bai yi mini ba, hannun yana sauka kafin in danna. Sai da na koma S, inda ni nake zaɓar saurin ƙiftawa, na sa 1/500 na bar ta tana ɗauka a jere, sannan na samu wanda mabugin yake sama, fuskar mutumin a buɗe. Na gwada 1/30 kuma, hannayen suka zama kamar hayaƙi, jikin yana tsaye, wannan ya fi burge ni. Kafin in fara sai da na gaisa da su na nemi izini, na kuma yi alkawarin kawo musu.

Dattijo mai tabarmi kuwa ashe duk Talata da Alhamis yake bi ta lungun. Na tsayar da shi na gabatar da kaina. Ya ce in ɗauka amma kada in sa a waya, 'ya'yansa ba za su so ba. Na ɗauka, na wanke, na kai masa jiya. Saboda haka ba zan iya nuna muku ba, ku yi haƙuri. Hajiya Maman Khalil, na kuma sauke hotuna tara daga shafina.

Abin da ya gagare ni yanzu shi ne launin baba na marina. A ido shuɗi ne mai duhu har yana ɗaukar ido, a hoto sai ya fito fayau kamar bulun makaranta. Anti, daga ina matsalar take?

Anti Zulai:
Abu biyu ne. Kyallen mai duhu ne, kyamara tana ƙara masa haske, wato kishiyar abin da take yi wa farar shadda, don haka wannan karon ragewa za ka yi, -0.7 ko ma -1. Sannan ka cire daidaita launi daga oto ka sa shi a alamar rana, domin in shuɗi ya cika hoto tana ƙoƙarin kashe shi. Turo mini RAW ɗaya in duba.

Baba Mai Situdiyo:
In za ka koma kai musu hotunan ka gaya mini ranar, Malam. Ina da sauran fim biyu a firij, kuma na daɗe ban leƙa marinar ba. Ɗan Zazzau, in kana gari kai ma ka zo da taka.

Ɗan Zazzau:
Asabar mai zuwa ina Kano, Baba. Ƙarfe nawa?

Abban Walida:
Bakwai da rabi a bakin ƙofar, kafin rana ta yi sama.